Dutse Har Gwiwa

Ruhewar farko da na sa hannu a aikinta a Birnin Lalle take, a gidan wani mahauci, kuma sai da na yi wata biyu ina jan ruwa da tattaka ƙasa kafin a yarda in taɓa jikinta. Ina faɗin haka ne saboda ku samarin yanzu, masu tsayawa a kaina da waya a hannu kuna cewa ai ginin rumbun laka ba wani abu ba ne, babbar tukunya ce kawai. To, na ji, tukunya ce. Amma abincin gida na shekara guda a cikinta yake kwana, kuma babu mai ɗaukarta ya shigar ɗaki idan hadari ya taso. Sunana Isuhu, a Dakoro aka haife ni, na haura shekara arba'in ina ginin ruhewa. Na gina da yawa, har ban san iyakarsu ba. Guda ɗaya ce ta faɗi da hatsi a ciki, ta abokina Mamman, kuma abin da ta faɗi da shi irin gero ne da babu wanda ya rage da shi sai gidansu.

Wanda ya koya mini sana'ar kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, ana kiransa Ɗan Jimma. Mutum ne gajere, mai faɗa, wanda bai iya yabo ba. Idan aikinka ya yi kyau sai ya yi shiru, idan bai yi ba sai ya sa ƙafa ya ture, ka sake. Kayan aikinsa duka ba su cika kwando ɗaya ba: galma ta haƙar ƙasa, wuƙar yanka ramno, wato ciyawar da ake cuɗawa da laka, igiya ta zana da'irar gindi, da 'yar sakaina ta shafe jiki. Sauran aikin na hannu ne da ƙafa da hanci. Na ce hanci, domin ƙasar tafki da ƙasar suri idan an haɗa su da ramno sai sun kwana uku a jiƙe sun ruɓa, kuma Kawu sunsunawa yake yi ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Ginin kuwa hawa ɗaya ake yi a yini, bai wuce kamu ɗaya ba, a bar shi ya sha iska. Mai gaggawar da ya ɗora biyu zai dawo da safe ya tarar cikin ruhewar ya zazzago kamar na tsohuwar akuya. A hankali ake buɗa ciki, a hankali ake tsuke wuya, a bar baki a sama, sannan a kifa mata jinka ta ciyawa.

Duk wannan na koya ba tare da gardama ba. Inda muka saɓa da Kawu wurin dutse ne. Ruhewa ba a ƙasa take zama ba, a kan duwatsu take, an jera itace a kansu, an yi daɓen laka a kan itacen. Dokar Kawu ita ce kowane dutse a binne rabinsa a ƙasa, abin da ya fito waje kuma ya kai gwiwa. Ba shi da ma'auni, zuwa yake ya jingina ƙafarsa. Ku da kuka san ƙasarmu kun san rairayi ce, dutse ba a bakin ƙofa yake ba. Sai an kora jakuna yini guda zuwa inda ake fasa marmara, a dawo da biyu-biyu, kuma ni ne mai korar jakunan.

Aikin da na fara buɗe baki a kansa a wani ƙauye ne arewa da Dakoro, kan hanyar Bader Goula, a gidan mahaifin Mamman. A nan muka saba da Mamman, muna sa'o'in juna. Shekarun fari ne a lokacin. Hadari yakan haɗu baƙi ƙirin daga gabas, a yi cida, a yi walƙiya, iska ta kwashe jinkaye, mata su fito da tukwane, sannan ya watse bai zubar da abin da zai jiƙa riga ba. Da idona na ga kaji suna birgima a busasshiyar ƙasa ƙarƙashin ruhewa a tsakiyar damina. Ranar da na dawo da jakuna karo na huɗu, ƙafafuna duk ƙaya, na kasa haƙuri.

Na ce, "Kawu, wai wane ruwa muke gudu da wanga dutse? Ko raɓa ba ta kai nan."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ruwan da na gani kai ba ka gan shi ba. Ya tahi, amma bai ce muna ba shi komowa ba. Sa dutse har gwiwa."

Da muna cin tuwo ya ba mu labarin daminar ƙuruciyarsa. Ya ce a da cida daga nesa take farawa bayan azahar, ta ba mutum lokacin kora awaki gida, sannan ruwa ya sauka ya zauna. A watan malka kuwa sai a kwana uku ba a ga rana ba, yana zuba yana tsagaitawa, har tafkuna su haɗe. Ni da Mamman muka dubi juna muna danne dariya. A wurinmu wannan da tatsuniya duk ɗaya ne.

A wannan gida na fara ganin geron da suke kira ɗan Arzika, da sunan kakan Mamman wanda ya zo da shi. Zangarniyarsa gajeruwa ce mai gashi-gashi, tsuntsu ba ya son sa, kuma yana nuna da wuri, tun na maƙwabta yana fidda kai. Furarsa fara ce, tana da wani ɗan garɗi da ban taɓa ji a wani gero ba. A shekarar da yunwa ta fi tsanani, mahaifin Mamman ya liƙe bakin ruhewar nan ta Kawu da laka, da damman iri a ciki, iyalinsa suna cin dusa da ganye, ya ce duk wanda ya fasa ba ɗansa ba ne. Maƙwabta sun cinye nasu irin, daga baya suka karɓi na gwamnati da na kasuwa. Ta haka ɗan Arzika ya zama na gida ɗaya. Da Mamman ya gaji gidan, kowace kaka shi da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniya ɗaya-ɗaya, ya ɗaure, ya rataye su can sama kusa da wuyan ruhewa inda danshi ba ya kaiwa.

Bayan rasuwar Kawu, aikin farko da na yi da sunana a Sabon Maci ne, kuma a ranar na sauke dutse daga gwiwa zuwa taƙi ɗaya, tsawon buɗewar yatsa da babban yatsa. Binnewar ma na rage, 'yar zaunarwa kawai. Ƙananan duwatsu suka wadatar, tafiyar jaki ɗaya ta isa, aikin ya ragu da kwana uku. Mai gida ya ji daɗi, matansa sun fi shi jin daɗi domin tsani ya gajarta. Labari ya bazu cewa Isuhu ya fi kawunsa sauri. Aka dinga kirana daga Birnin Lalle har Bader Goula, masu ginin da suka taso bayana kuma suka kwaikwaye ni, har taƙi ya zama shi ne ma'aunin da kowa ya sani. Shekara da shekaru babu wadda ta ko karkace. Na kai ga ina ba da labarin gwiwar Kawu a wurin shan shayi ana dariya, ina kwaikwayon yadda yake jingina ƙafa.

Wani yaɓe da na koma yi a Sabon Maci, bayan shekaru masu yawa, shi ya kamata ya farkar da ni. Na tarar gefen gabas na ruhewar ya cinye kamar an kankare da wuƙa, itacen gindi kuma da alamar laka a jikinsa, alamar ruwa ya taɓa shi. Na shafe, na ce jinkar ce ta tsufa. Gaskiyar magana kuwa ruwa ya dawo, amma ba irin wanda Kawu ya ba mu labari ba, ba kuma irin na shekarun fari ba. Yanzu hadari yakan yi jinkiri, mutane su gaji da duban gabas. Ranar da zai zo kuma babu sallama, tsawa a kan kai, iska mai karya gawo, ruwa ya juye kamar an kifar da randa, kafin a gama shayi na biyu ya ɗauke. Ƙasa ba ta samun lokacin sha, itatuwan da ke tare shi an sare, sai ya bi kan rairayi yana gudu yana neman gangare. Daga nan a yi kwana ashirin ko ɗigo babu. Wata rana kuma a yi tsawar da za ta sa yara kuka, a tashi da iska kawai. Da kunne ba ka iya sanin wanne ne ke tafe.

Akwai wanda ya faɗa mini wannan a fili. Wani ma'aikacin gona ne, Mushe Sani, kamar yadda muke kiran ma'aikatan gwamnati da Faransanci, wanda na gina wa ƙaramar ruhewa a bayan bironsu, wato ofishinsu, don nuna wa manoma. Yana da wata kwalba a kan sanda a tsakar fili, duk safiyar da aka yi ruwa sai ya duba ya rubuta, kuma ya gaji littattafan waɗanda suka riƙe kwalbar kafin shi. Ya zo ya tsuguna yana kallon duwatsuna.

Ya ce, "Baba Isuhu, na duba takardun nan tun na da. Ruwan shekara ya komo, amma kwanakin zuwansa sun ragu. Abin da a da yake rabawa kwana da kwanaki, yanzu da marece ɗaya yake juye shi. Wanga dutse naku bai yi ƙasa ba?"

Na ce, "Mushe, kai auna naka cikin kwalba, ni in auna nawa da hannu. Tun ba a sa ka makarantar lakwal ba nike wanga aiki."

Ya yi murmushi ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Yaro ne mai ladabi, da ma ya yi mini rashin kunya ko na tsaya na yi tunani.

A ranin da ya biyo baya Mamman ya aiko a kira ni. Ruhewar Kawu, wadda ta haura shekara arba'in a tsaye, ta tsage a wuya, ɓeraye suna shiga. Na hau tsani na duba. Aikin kwana biyu ne: a kankare tsagar, a cusa sabuwar laka, a yi yaɓe. Na san haka sarai. Amma na daɗe ina jin haushin cewa a gidan babban abokina aikin Kawu ne a tsaye, nawa babu. Sai na sauko na ce tsohuwa ta gaji, a bar ta ta huta, in gina masa sabuwa a gefenta. Bai yi musu ba. Na zana da'ira taku biyar daga tsohuwar, ta bayan gidan inda ƙasa ta ɗan gangara zuwa wata 'yar ƙorama da ko a damina yara ke tsallakewa. Da na jera duwatsu Mamman ya tsaya tsakanin biyun, ya dubi wannan ya dubi wancan.

Ya ce, "Isuhu, mi ya sa naka duwatsun sunka zan gajeru? Na Kawu sun kai mini gwiwa."

Na ce, "Wancan ruwan ya tahi da mutanensa, Mamman. Ka taɓa jin ruhewata ta hwaɗi?"

Ya ce, "A'a. Kai ka san aikinka. Ɗan Arzika dai za ni sa ciki, shi ya sa na tambaya."

Ruhewa ta yi kyau, ba zan ɓoye ba, cikinta kamar ƙwai. Da ta bushe muka kwashe hatsi muka mayar cikinta, Mamman ya rataye damman irinsa a sama da hannunsa. Tsohuwar kuma aka zuba mata harawar awaki.

Daminar ta fara da wuri, da ruwa mai ƙarfi da tsawa. Kowa ya fita shuka. Mamman, da yake ɗan babansa ne, rabin irin ya shuka ya bar rabi. Gero ya tsiro, ya yi ganye uku, sai sama ta ɗauke. Aka yi mako uku ana duban gabas, rana ta ƙone tsiron ƙurmus, nasa da na kowa. Abin da ya rage na ɗan Arzika a duniya shi ne dammai uku da ke rataye a wuyan ruhewata, ana jiran ruwa na biyu a sake shuka.

Ranar da ruwan ya zo ina gidan, na je ɗaure jinkar da iska ta ɗan zame. Na gama ke nan bayan la'asar sai gabas ta yi baƙi, kafin mu shiga zaure tsawa ta fashe a kanmu. Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Ba a ganin danga daga bakin zaure. Can sai muka ji wata ƙara daban da ta sama, muka leƙa, sai ga ruwa ja yana gangarowa daga tudu ta cikin gari, ya shigo tsakar gida yana tafe da kara da takalma. 'Yar ƙoramar da ke bayan gidan ta zama abin da zai ci raƙumi.

Mamman ya miƙe. Ya ce, "In hidda irin?"

Na riƙe masa hannu. Na ce, "In ka ɗaga jinka cikin wanga ruwa, komi ya jiƙe. Bar shi, nan ya hi tsira."

Abin da kowane magini zai faɗa ke nan, kuma da dutsen ya kai gwiwa da gaskiya na faɗa. Ruwa ya haura idon sawu, ya kai ƙwauri. Ina kallo ya shafe duwatsuna, ya hau itace, ya kama daɓen. Laka idan ta sha ruwa daga ƙasa ba ta jira. Rairayin da ke ƙarƙashin duwatsun gefen gangare ya zame, ruhewar ta karkata a hankali kamar mai shirin ruku'u, sannan ta tafi gaba ɗaya. Wuyanta da jinkar suka faɗa tsakiyar ƙoramar. Mamman ya fizge hannunsa ya ruga, ni da maƙwabcinsa muka kamo shi a bakin ruwan, da ya shiga da shi ma ya tafi. Kafin magariba sama ta washe kamar ba a yi komai ba.

Da safe na zaga ta bayan gidan. Ruhewar Kawu tana nan tsaye, da tsagarta a wuya. Ruwa ya bi ta tsakanin duwatsunta ya wuce, ya bar layin laka yatsa uku ƙasa da itacen. Na hau tsani na zura hannu, harawar awaki a bushe ƙayau. Na daɗe a kan tsanin nan ban sauko ba, saboda kunyar haɗa ido da mutanen gidan.

Hatsin ci da ya rage a gindi mun tono shi daga laka an shanya. Irin kuwa kwana uku muna bin ƙorama, mu da matasan garin, alhali kowa na da gonar da ke jiran shuka. A rana ta uku aka sami zangarniya biyu maƙale a ƙaya, sun yi baƙi suna wari. Mamman ya murje su a tafin hannu ya shuka a bayan ɗaki, yana ba su ruwa da buta. Ko ɗaya bai fito ba. Ya bi ƙauyuka har wajen Birnin Lalle yana tambaya ko akwai wanda kakansa Arzika ya taɓa ba irin, ya dawo da geron da ya yi kama, amma da ya fidda kai babu gashin. A shekarar irin kasuwa ya shuka, a makare.

Bai taɓa ce mini kai ka jawo ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Tun daga lokacin na bi gidajen da na yi wa aiki, waɗanda na iya tunawa, ina haƙa wa ruwa hanya, ina tara ƙasa ta gefen tudu. Abin da za a iya ke nan, domin ruhewa ba a ɗaga ta a ƙara mata dutse. Da yawa suna nan a kan taƙi, nawa da na waɗanda suka kwaikwaye ni, kuma duk ranar da na ji cida sai in kama lissafa su a zuci. Na je na sami Mushe Sani na ce masa kwalbarsa ta fi hannuna gaskiya. Masu koyo a wurina yanzu kuwa, kafin su taɓa laka sai sun kora jaki, kuma duk dutsen da aka kafa sai sun jingina ƙafa na gani. Suna gunaguni, na san abin da suke cewa a bayana, ni ma na faɗe shi.

Da rani ya zagayo na koma gidan Mamman ba tare da ya kira ni ba. Na fara da liƙe tsagar ruhewar Kawu, kwana biyu cif, kamar yadda na sani tun farko. Sannan na gina masa sabuwa a kan tudu, da manyan duwatsu, rabi a ƙasa rabi a waje. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba. Ranar da aka kifa jinka Mamman ya fito ya zaga ta sau biyu, ya shafa cikinta, sannan ya matsa ya jingina ƙafarsa da dutsen. Ya kai gwiwa har ya ɗan wuce.

Ya ce, "Ta yi kyau, Isuhu. Wagga kam ruwa ba shi kai mata." Ya ɗaga kai ya dubi wuyanta, inda ake rataye iri. "Sai dai ban da abin da za ni rataya."

Na tattara galmata da igiya na sa a kwando, na je bakin randa na wanke hannu.